A SAKAYA SUNANA: IYAYE, WAYAR HANNU DA GIDAJEN MARI

Laccar da aka yi wa talakawa manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Watari

'Yan'uwa talakawa, manoma da masunta na bakin Watari, da 'yan kasuwar Bagwai da Bichi da Badume, da iyayenmu mata masu saurare daga bayan danga, muna yi muku barka da zuwa. Mun sani waɗansunku sun bar ruwa yana gudu a fadama, waɗansu sun bar yaro yana jiran rumfa, saboda haka ba za mu tsawaita gaisuwa ba.

Maganar da ta tara mu yau kowa yana yinta a ɗaki, amma ba mai son yinta a dandali. Watau maganar ɗan da ya gagari iyayensa, da inda a ke kai shi, da kuma wanda ya ke ba iyayen shawarar su kai shi can.

Duk mai babbar waya a cikinku, ko mai ɗan da ke karanta masa, ya san wani irin saƙo da ya yawaita a Facebook da zaurukan WhatsApp. Farkonsa kullum ɗaya ne: don Allah a sakaya sunana. Sa'an nan sai kuka ya biyo baya. Uwa ce ko uba, ɗansu mai shekara goma sha shida ya faɗa shaye-shaye, ya bar makaranta, ya fara ɗauke-ɗauke, jiya buhun taki, yau injin ban-ruwa. Sun yi faɗa, sun yi duka, sun karɓo rubutu, abin ya ci tura. Suna tambaya ina za su kai shi. Kafin a jima amsa ta cika wurin. Wani ya ba da haƙuri, wani ya zagi iyayen. Can kuma sai ga wani, ba shi da suna sai laƙabi, ba shi da fuska sai hoton zaki ko na fure, ya ce a same shi a gefe, ya san wani gida, wata uku kawai yaro zai dawo kamar ba shi ba.

To, jama'a, ku lura. A cikin wannan magana mutum biyu ne suka ɓoye suna: mai neman taimako, da mai tallan gida. Abin da mu ke so ku tafi da shi yau shi ne, ɓuyan nan biyu ba ɗaya ba ne. Na farko halal ne, mu za mu tsare masa shi. Na biyu kuwa shi ne ƙofar da a ke bi a sace wa talaka ɗansa da kuɗinsa gaba ɗaya.

ABIN DA YA SA IYAYE KE ƁUYA

Kada kowa ya yi wa uwar nan dariya. Mu nan ƙasar Watari zamanmu a cunkushe ya ke, gona tana jikin gona, danga tana jikin danga. In ka yi tari a Bagwai da safe, kafin azahar an gaishe ka da jiki a Bichi. Ran da aka ji ɗan wane yana shan ƙwaya, a ran nan masu neman auren ƙanwarsa za su fara ja da baya, mai ba uban bashin iri ya fara sanyin jiki, kishiya kuma ta sami abin gori. Mutumin da ya ke cikin wannan hali, in ya sami wurin da zai faɗi ciwonsa ba a san fuskarsa ba, ai ya sami inuwa. Rufin asiri haƙƙin mai rauni ne.

Kuma ciwon ba na gida ɗaya ba ne. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 a Nijeriya sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. A ran 1 ga watan Mayu na 2018 ne Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan gidan rediyon BBC ya nuna wa duniya yadda a ke sayar da shi ta bayan gida. A cikin hotunan nan har an ga samari a ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Kano. Mu da ke karkara mun san yadda abin ke farawa. Gona an raba ta gado har ta koma kamar tabarma, saurayi ba shi da inda zai noma nasa, sai ƙwadago. Wani ya ce masa in ya haɗiyi taramol zai yi aikin mutum biyu bai ji gajiya ba. Daga ƙwayar aiki sai ta zaman banza, daga nan sai sholisho da wiwi. Uban da wannan ya faɗa wa gida ba mugu ba ne, mutum ne da ruwa ya ci shi yana neman abin kamawa.

ABIN DA AKA GANI A 2019

Amma fa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Bari mu tuna muku abin da ya faru, don kada a ce tatsuniya mu ke yi.

Ran 26 ga watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa cikin Kaduna. Suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, har da ƙanana waɗanda ba su isa aike ba. Waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu bayansu duk tabon bulala. A cikinsu har da 'yan Barkina Faso da Mali. Da yawansu suka ce an bar su da yunwa, waɗansu suka ce an yi lalata da su. Mafi yawansu kuwa iyayensu da danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi.

Ba a rufa wata guda ba, a cikin Oktoba, aka fito da mutum 67 daga wani gida a Daura, bayan waɗansu da yawa sun riga sun ɓalle sun gudu. Aka fasa wani a birnin Katsina. Aka koma Rigasa aka fito da mutum 147 daga wani gidan dabam, har da mata. Aka je Zariya, aka je Ilori, aka je Badun. Kafin ƙarshen Nuwamba waɗanda aka kwance sun kusa 1,500. A cikin Oktoban nan ne Gwamnatin Kano ta ba da umurni a rufe gidajen mari na jihar duka. Ku kuma sani rufewar ba ta kashe sana'ar ba, domin a 2021 da 2022 an sake gano irin waɗannan gidaje a Na'ibawa cikin Kano. Abin da a da a ke yi da allo a ƙofa, sai ya koma ana yinsa a ɓoye, ana tallansa baki da baki da kuma ta waya.

A nan tilas mu yi adalci. Tsangaya dabam, gidan mari dabam, kada wani ya haɗa alarammomin da suka raini kakanninmu da masu ƙera sarƙa. Har wa yau akwai iyayen da suka fito a lokacin nan suka ce su ba su yarda a rufe ba, 'ya'yansu sun shiryu a can. Mun ji su, ba mu kuwa ƙaryata su. Tambayarmu ɗaya ce. In aikin alheri a ke yi a ciki, me ya sa a ke tsayar da uwa a zaure, a fito mata da ɗanta an sa masa doguwar riga, mai tsaro yana tsaye a kansa? Wa ya taɓa ganin likitan da ke hana uwa duba ƙafar ɗanta?

Ku lura da wani abu kuma. 'Yan sandan Kaduna sun ce tsegunta musu labarin gidan Rigasa aka yi. Ba a yi shela da sunan mai tsegumin ba, kuma daidai ke nan. Da ya san za a kira sunansa a kasuwa, mai yiwuwa ne ya ja bakinsa, mutum 300 su ci gaba da kwana cikin ƙarfe. Ga amfanin sakaya suna in yana hannun mai gaskiya marar ƙarfi.

CINIKIN BIRI A SAMA

Yanzu bari mu yi magana irin tamu ta kasuwa. Alhaji, kai da ke kai hatsi Dawanau, ka taɓa sauke buhu hamsin a hannun dillalin da ba ka san rumfarsa ba, ba ka san maigidansa ba, ya kuma naɗe fuska da rawani ya ce ka dawo bayan wata uku? Malam, kai mai sayen sa a kara, kana biya ba ka buɗe bakinsa ka ga haƙori ba, ba shaida, ba wanda ya san inda aka koro shi? Iya, ke mai adashi, kina zuba wa uwar adashin da ba ki san ƙofar gidanta ba? Ba mai yi. Dukanmu mun san ba a cinikin biri a sama. Dillali yana cin la'ada ne domin an san shi, in kaya ya ɓaci akwai wuyan rigar da za a kama.

To, yaya abin da ba mu yi da buhun dawa za mu yi shi da ɗan da muka haifa? Mai laƙabin nan da ya ce a same shi a gefe, ba ku sani ba ko shi ne mai gidan da kansa, ko yaronsa ne mai cin la'ada a kan kowane yaro da ya kawo. Mutum ɗaya yana iya buɗe shafi biyar da suna biyar, ya yi tambaya da ɗaya, ya ba kansa amsa da na biyu, ya yi godiya da na uku, ya ce ɗansa ya warke sarai. Kai kana gani ka ce jama'a sun shaida, ashe baki ɗaya ne ke magana ta ƙofa biyar. Ran da abu ya ɓaci kuwa, sai ka nemi shafin ka rasa, lambar waya a kashe.

Saboda haka ga ma'auninmu. Wanda ya zo neman taimako yana iya rufe fuska. Wanda ya zo karɓar kuɗi, ko ya ke so a ba shi mabuɗin ɗakin da za a kulle ɗan mutum, lalle ne ya buɗe tasa, a san sunansa, a san gidansa, a san hukumar da ta ba shi izini.

ƁUYAN WAYA BA ƁUYA BA NE

Akwai kuma abin da ya kamata ku sani game da ita kanta sakayawar, don kada ku dogara da ita fiye da ƙarfinta. In kun aika wa mai shafi saƙo kuka ce ya sakaya sunanku, jama'a ne ba su gani ba, shi ya gani. Ko a zaurukan Facebook da ke da wurin yin rubutu ba suna, masu kula da zauren suna ganin ko wane ne, kamfanin ma yana gani. Hoton saƙo kuwa ɗaukarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba. Tun watan Disamba na 2020 Gwamnati ta tilasta a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau layinku yana ɗauke da sunanku. Sa'an nan in kin ce ɗanki ne na uku, ubansa mai sayar da albasa ne, gidanku yana kusa da makarantar firamare, ai kin faɗi suna ko ba ki faɗa ba. Mutanen garinmu ba su bukatar fiye da haka.

Ga kuma doka. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015. An yi ta amfani da sashe na 24 na cikinta ana kama 'yan jarida da masu sukar manya, har Kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke a 2020 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Wannan shi ya sa yaron da ya fito daga gidan mari ya ke jin tsoron faɗin abin da aka yi masa da sunansa. Mai gidan yana da kuɗi, yana da almajirai, yana da manyan da suka taɓa kai masa nasu 'ya'yan. Yaron kuwa an riga an sa masa suna ɗan ƙwaya, wa zai gaskata shi? In irin wannan yaro ya sakaya sunansa ya yi magana, kada ku ce don ba suna ƙarya ce. Kada kuma ku ɗauka ku yaɗa ba bincike, domin maƙiyi ma yana iya fakewa ya ɓata mutumin kirki. A ɗauki maganar a kai wa mai ikon buɗe ƙofa, a je a duba. Gani ya kori ji.

Kada ku zaci wannan cuta ta talakan Hausa ce kaɗai. A Amurka akwai irin waɗannan gidaje na kwana masu tsada, inda masu hali ke tura 'ya'yansu. A 2007 ofishin bincike na Majalisarsu ya ba da rahoton dubban ƙorafe-ƙorafe na cin zali a cikinsu, har da mace-mace. A can ma waɗanda suka fito sun daɗe suna faɗin abin da ya same su a intanet cikin laƙabi, ba a kula su ba. A 2006 wata kotu a jihar Fulorida ta ci wata uwa tarar dala miliyan 11 da dubu 300 saboda maganganun da ta rubuta a intanet a kan wata mai sana'ar nuna wa iyaye irin waɗannan makarantu, uwar kuwa ba ta halarci shari'ar ba. Sai a 2020, da Paris Hilton, jikar gidan masu manyan otal-otal, ta fito da sunanta ta faɗi abin da ta ce an yi mata a wata makaranta a jihar Yuta, sa'an nan duniya ta saurara, har aka sa hannu a kan wata doka a Disamba ta 2024. Ku duba fa. Sai da 'yar attajiri ta yi magana. To, ɗan mai tumatir na Badume fa, in ba mu tsaya masa ba, wa zai tsaya?

SUNAN YARON FA?

Akwai suna na uku da a ke mantawa, shi ne na yaron. Mun ga iyayen da suka ɓoye nasu suna amma suka saki hoton ɗansu yana tangaɗi. Mun ga 'yan unguwa sun kama yaro, sun aske shi, sun ɗauke shi a waya sun watsa wai don ya ji kunya. Wannan tabo ya fi na bulala daɗewa. Yaro zai shiryu, ya nemi aure, ya nemi aiki, hoton yana nan yana jiransa. Abin mamaki, a waya an tona shi ga duniya, a gida kuwa an ɓoye shi. An ɗauke shi da dare, an ce wa maƙwabta ya tafi ci-rani, kawunsa bai sani ba, gwaggonsa ba ta sani ba. Yaron da ba wanda ya san inda ya ke, ba mai tambayar lafiyarsa, shi ne wanda mai sarƙa ya fi so. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ɓoye wa kasuwa, amma kada a ɓoye wa dangi.

LAIFIN MASU MULKI

Ba za mu ɗora wa iyaye kaya duka ba. Sa'ad da aka fasa gidajen nan a 2019, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum wajen miliyan 200. Dokar da ke kula da masu taɓin hankali ta 1958 ce, tun ta zamanin Turawa, ba a sa hannu a kan sabuwa ba sai Janairu na 2023. A wannan shekarar ne kuma Kano ta yi tata dokar kare yara, shekara ashirin bayan ta Tarayya ta 2003. An rufe gidajen mari, madalla. Amma da aka miƙa wa uba ɗansa a ƙofa, ina aka ce ya kai shi? Mai kuɗi yana da asibitin kuɗi a Abuja ko a ƙasar waje, asirinsa a rufe. Talaka aka bar shi da waya a hannu da mai hoton zaki. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, nan kusa da mu, akwai sashe a asibitin Malam Aminu Kano, akwai makarantar gyaran hali ta Gwamnati a Ƙiru. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 ta fi ƙarfin wannan.

Saboda haka muna kira ga hukuma da abu uku. Na ɗaya, duk gidan da ke riƙe 'ya'yan mutane a yi masa rajista, a buga sunan mai shi a fili, a riƙa shiga dubawa ba sanarwa. Na biyu, a sa ma'aikacin da ya san aikin masu shaye-shaye a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, Bichi da Bagwai da Shanono da Tsanyawa, don kada kuɗin mota ya hana uwa zuwa. Na uku, a tsare asirin duk wanda ya kai rahoto, yaro ne ko maƙwabci.

Mu kuma ga namu. Ku nemi shawara a waya in kuna so, ku sakaya suna, amma kada ku faɗi abin da zai nuna gidanku, kada kuma ku saki hoton yaro. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta buɗe layin waya na kyauta a 2022 domin masu neman shawara cikin sirri, ku tambayi ma'aikacin asibiti lambar. Ku fara kai yaro wurin likita, domin wani abin da mu ke kira taurin kai ciwo ne mai magani. Kada ku aika wa kowa ko sisi sai kun taka da ƙafarku. In kun je, ku ce a nuna muku takardar izini, da ɗakin kwana, da tukunyar abinci, da bayan gida. Ku tambaya ko kuna iya zuwa ran da kuka ga dama ku gana da ɗanku ku kaɗai. In an ce ba a shiga, ko kuka ji ƙarar ƙarfe, ku riƙe hannun ɗanku ku juya. Kuma ko ina za ku kai shi, mutum biyu cikin dangi su sani, ɗaya ta wajen uwa, ɗaya ta wajen uba.

Abu na ƙarshe ya rataya a wuyan kowa da ke wurin nan. Uwar nan ta tafi wurin baƙi a waya ne domin tana tsoron bakinmu. In mun daina gori, in mai rumfa ya ɗauki yaron nan ya koya masa awo, in mai fadama ya yanka masa kwami biyu ya ce ya gwada albasa, in mai unguwa da liman suka zauna da uban ba tare da labarin ya kai bakin rijiya ba, mai tallan sarƙa zai rasa kasuwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗa kuwa na kowa ne.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.